Tukunyar Gas Mai Shuɗin Fenti

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum mai gyaran firji, hannunsa na da kyau, amma idonsa ba ya ƙoshi.

A bayan shagonsa akwai tulin tukwanen gas ɗin firji waɗanda suka ƙare. Ƙarfensu siriri ne, an ƙera su don a yi amfani da su sau ɗaya a yar. A jikin kowace an rubuta kada a sake cika ta. Ya iya karatu sarai. Sai ya shafe rubutun da shuɗin fenti, ya sa musu baki da tiyo, ya riƙa sayar wa direbobi da masu faci a matsayin tankin iska na tafi-da-gidanka.

Akwai wata 'yar kafa da maƙera suka bari a jikin tukunyar, don in iska ta yi yawa ta samu hanyar fita. Masu saye suka ce tana huci. Ya liƙe ta da walda.

Ya san iskar da ake ɗurawa tana zuwa da danshi. Ya san tsatsa tana cin ƙarfen daga ciki, inda ido ba ya kaiwa. Shin ya faɗa wa kowa? Cewa yake yi ta fi ta kanti ƙwari, har da rantsuwa. Amma ko ɗaya bai taɓa yarda ta kwana a gidansa ba.

Wata rana da zafin rana, ɗaya ta fashe a rumfar wani mai faci, ta tafi da ƙafarsa. Aka zo aka tambayi mai gyaran firji. Ya rantse bai san tukunyar ba. Ya koma shago, ya ce bari ya ɓoye sauran. Ya duba, ya ga ɗaya ta ɓace.

Maƙwabcinsa tela ya ce masa ai ƙaninka direban tasi ne ya ɗauka da safe. Wai ƙanin ya ce kayan Yaya nasa ne, ba sai ya tambaya ba. Har ya cika ta dam, ya jefa a but ɗin motarsa.

Mai gyaran firji ya kira ƙanin a waya. Ƙanin ya ɗauka yana dariya.

"Tsaya, ka fitar da tukunyar nan daga mota yanzu!"

"Haba Yaya, rowa za ka yi mini? Ba kai ka ce ta fi ta kanti ba?"

"Ƙarya nake yi. Don Allah ka yar da ita."

Ya ji motar ta tsaya. Ya ji an buɗe but. Ya ji ƙanin yana cewa kai, ta yi zafi kamar a soya ƙwai. Sannan ya ji ƙarar.

Ya yi ta kiran sunansa a wayar, babu amsa.

Ƙanin bai rayu ba, amma mai gyaran firjin yana nan da rai. Ya rufe shago, domin ko murfin tukunya ya faɗi sai ya durƙushe ya toshe kunne. Mahaifiyarsu ba ta zage shi ba. Idan ya gaishe ta, sai ta juya fuskarta bango.

Ya 'yan uwa, wannan shi ne ha'inci. Wanda ya ɓoye aibin hajarsa, ya aika da mugun abu cikin jama'a, kuma ba shi ke zaɓar ƙofar da zai tsaya ba. Wa ya gaya maka danginka ba sa cikin jama'a? Wallahi ina jin tsoro. Nawa muka shafa wa fenti muka miƙa wa bayin Allah? Wanda ya san ya sayar da irin wannan, ya tashi yau ya bi sawunta, tun ana iya ɗaukar wayarsa.

Allah ya kiyaye mu daga abin da hannayenmu suka ɓoye, ya kiyaye mutane daga sharrinmu. Amin.