Gatarin Sarki Nomau da Rimin Makaranta

Tun lokacin da tsuntsaye ba su daina yi wa mutane magana ba, an yi wani sarki a Dutsen Kurciya mai suna Nomau. Mutumin kirki ne, ba ya ƙullatar kowa, sai dai Allah ya zuba masa ɗoki. In abu ya shiga ransa da hantsi, to so yake kafin azahar a ce an gama har an share wuri.

Wata bazara ya kai ziyara wani birni mai nisa, aka zaga da shi makarantarsu. Can ya ga yara suna ƙera garma, wasu na saƙa, wasu na jima, kowa hannunsa baƙi ƙirin da aiki. Abin ya tsaya masa a rai. Da ya dawo ko rawani bai kwance ba ya tara fadawa, yana kai da kawowa yana tafa hannu. Ya ce su a nan me 'ya'yansu ke koyo? Tarihi, lissafi, waƙa da gardama a gindin rimi, sai yaro ya gama ya fito da baki kamar reza, amma ko ƙotar fartanya ba ya iya sawa. Nan take ya yanke hukunci: a rufe ajin gindin rimi, a sare itacen, a kafa maƙera goma a wurin. Malam Arzika kuwa, wanda ya shekara arba'in yana koyarwa a ajin, har shi Sarkin ma ya bi ta hannunsa, a ce masa an gode, ya koma gida ya huta.

Gari na wayewa Sarki ya riga kowa isa makaranta, Dogara Sarkin Maƙera na biye da shi ɗauke da sabon gatari. Murna ta cika Sarki, har yana auna filin da taku yana nuna inda kowace maƙera za ta zauna. Malam Arzika na zaune kan buzunsa, Sarki kuma ya ƙi yarda su haɗa ido, don a can ƙasan zuciyarsa yana jin kunyar tsohon.

Sai aka ji gyaran murya daga sama. Wata tsohuwar Shamuwa ce da ke sauka kan rimin nan kowace shekara in damina ta matso, shekaranjiya ta iso. Ta sauko kan wani reshe na ƙasa, ta gaida Sarki, ta roƙi a ba ta aron kunne kafin gatari ya fara aiki. Sarki ya yi dariya ya ce ta yi maza, don rana na yi.

Shamuwa ta ce, "Allah ya ja zamaninka, ga labarin Barmo Sarkin Magina da tsohuwa mai daddawa."

A kan hanyata ta kudu akwai wani gari, Marke Biyu, ana kiransa haka don itatuwan marke biyu da ke gabas da shi, ɗaya a gangare, ɗaya a kan tudu. Wani sarkinsu na da ya yi irin tunaninka, ya kori duk wani darasi da ba a riƙe shi da hannu. Kuma gaskiya ranka ya daɗe, abin ya yi kyau! Cikin shekara hamsin babu garin da ya kai su gwanintar gini da sassaƙa. Ni da idona na ga soron da suka ɗaure ba ginshiƙi ko ɗaya, sai da na zaga shi sau uku ina mamaki. Littattafan tsohon ajin kuwa aka zuba su a wani ɗaki, gara ta yi biki a kansu.

Gwanin gwanayensu shi ne Barmo. Wata rana ya gangara bayan gari ya tarar da wani fili shimfiɗaɗɗe, ya damƙi ƙasar wurin ya murza, ya ji laka mai laushi mai danƙo irin wadda magini ke mafarki. Ya dawo da gudu ya ce ya samo inda za a gina kasuwar da duniya za ta zo kallo. Ba wanda ya tambayi abin da ya sa kakanninsu suka bar fili mai kyau haka ba ko bukka, don ba a koya musu irin wannan tambaya ba.

An yi nisa da aiki sai ga wata tsohuwa mai tallan daddawa, Hakama, ita ce ta rage cikin waɗanda suka zauna a tsohon ajin. Ta ajiye kwandonta ta ce wa Barmo lakar nan da yake yabo kogi ne ya kawo ta, kuma an karantar da su cewa yakan dawo ya duba kayansa duk bayan shekara ɗari da 'yan kai. A lissafinta lokacin ya yi kusa. Barmo ya tuntsire da dariya, ya ce dama ya ji labarin mutanen da, baki ne sana'arsu, su ba su iya ɗora tubali ba amma sun iya hana a ɗora.

Hakama ta ce, "Ɗan nan, ban zo rena hannunka ba. Zauna ka ji labarin ubana da malaman Tawadawa, sannan ka yi dariyar da hujja."

Ni ba 'yar garin nan ba ce. An haife ni a Tawadawa, bakin wani kogi daban, garin da kowane namiji masani ne. A can in aka ga kantar aiki a tafin hannun mutum, ba a ba shi wurin zama a zaure. Ubana shi ne babbansu. Ya duba tsofaffin takardu ya yi lissafi, ya ce ambaliya za ta zo a damina ta uku, cikin wata kaza. Malamai suka taru suka bi lissafin, suka ga babu kuskure, aka yi ta jinjina masa, har wani ya yi wa lissafin waƙa mai baiti sittin. Da aka ce to a sassaƙa jirage, sai kowa ya dubi ɗan'uwansa. Masassaƙin ƙarshe ya bar garin tun shekara goma, don ya gaji da wulaƙanci. Suka kayar da itace ɗaya da kyar, suka shekara biyu suna gardamar ta wane gefe ake fara fafewa.

Uwata 'yar masu noman duma ce, ana yi mata kallon baƙauya. Sai ta shuka manyan goruna a bayan gida, ta tufka igiya. Ruwa ya zo a watan da ubana ya faɗa, bai ƙara kwana ba. Ta ɗaure ni da ƙannena a jikin goruna, ta miƙa wa ubana nasa, amma ya kasa ƙulla igiyar, ga shi ya ƙi sakin takardunsa. Ganina na ƙarshe da shi yana kan soro, ruwa ya kai masa ƙirji, ya ɗaga lissafinsa sama kada ya jiƙe. Mu da muka tsira, uwata ta kawo mu garin nan, na shiga tsohon ajinku. Ubana ya mutu da gaskiyarsa a hannu, Barmo. Kai kuma ina tsoron kada ka mutu da gwanintarka a naka.

Shamuwa ta ce, da Hakama ta kai nan, dariya ta ɗauke daga fuskar Barmo. Ya durƙusa gabanta ya ce, "Iya, faɗa mini iyakar inda ruwan yake kaiwa, ni kuwa in gina masa bangon da zai tsai da shi." Tsohuwa ta rufe ido ta yi ta lalube. Ta tuna malaminsu ya ce ruwa ya taɓa gindin marke, amma na gangare ne ko na tudu? Shekara hamsin ba wanda ya tambaye ta, abin ya shige mata. Suka ruga ɗakin littattafai suka ɓalle ƙofa, suka tarar da tulin ƙasar gara. Bango daidai marken gangare aikin wata shida ne, na tudu kuwa aikin shekara uku, sai Barmo ya zaɓi na gangare. Hakama dai ta nace sai da masassaƙa suka fafe jirage ashirin aka jingine.

A damina ta biyu kogi ya zo, ranka ya daɗe, kuma marken tudu ya nufa. Ya haye bangon kamar ba a yi shi ba, kasuwar da aka shekara bakwai ana ginawa ta narke kafin la'asar. Jirage suka kwashe mutane, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Barmo ya zauna a kan tudu yana kuka kamar yaro, yana cewa shafi ɗaya da gara ta ci ya fi ƙarfin magina ɗari uku. Ga shi yau ina ganin gatari a gindin ɗakin karatun Dutsen Kurciya, ko wahalar jiran gara ba za a yi ba.

Sarki Nomau ya ji maganar ta soke shi, amma ya dake ya ce ai ya gane, sheƙarta take karewa. Shamuwa ta ce ita fiffike gare ta, ta yi sheƙa a garuruwa goma sha ɗaya, shi ne ba zai iya ɗaukar garinsa ya tashi da shi ba. Malam Arzika ya fara murmushi yana shafa gemu, sai ta juyo kansa ta ce kada Malam ya yi saurin murna, don shekara uku ke nan tana ganin ƙyauren ajinsa a karye, ɗalibai sittin suna tsallake shi suna tattauna hikimar magabata. In ba a yi hankali ba nan ma Tawadawa ce. Murmushin Malam ya koma ciki, Dogara kuwa ya kasa riƙe dariya.

Sarki ya tsaya yana kallon filin da ya auna da taku. Tambayar da Barmo bai yi ba ta faɗo masa. Ya matsa kusa da buzu, ya rage murya. "Allah gafarta Malam, me ya sa babu maƙera ko ɗaya a wannan gefen gari?"

Malam Arzika ya ce, "Na karantar da kai wannan wata Laraba, ranka ya daɗe, kana can bayan aji kana kamun fara. Nan ne tsohuwar maƙera. Iskar bazara ta nan take bi ta faɗa kan rumbunan gari. Zamanin kakan kakanka tartsatsi ɗaya ya cinye hatsin shekara, yunwa ta kashe mutum ɗari huɗu. Shi ya sa aka mai da maƙera Ƙofar Yamma, aka dasa rimin nan a kan tokar don kada a sake."

Sarki ya waiwaya ya ga rumbuna jere, jinkarsu ta bushe ƙayau, iska kuma na kaɗa bakin rigarsa tana miƙa shi wajensu. Ya tambayi Malam me ya hana shi faɗa tun jiya, Malam ya ce sau uku ya je fada ana ce masa Sarki na sauri.

Kunya ta kama Sarki, amma ɗokinsa bai mutu ba, hanya ya sake. Ya yi tsalle ya ce a saurara: rimi na nan, aji na nan, maƙera goma kuma za a kafa su a Ƙofar Yamma. Kowane yaro a garin, ɗan sarki da ɗan talaka, mace da namiji, da safe littafi, da yamma sana'a, kuma ba wanda za a sallama sai ya iya yin abu da hannunsa ya kuma iya faɗin dalilin yinsa. Ya ce ƙyauren nan ma yanzu za a gyara shi. Ya fizgi gatari daga hannun Dogara ya nufi wani busasshen gungume a bakin shinge, ya kai sara biyar, huɗu suka sami ƙasa, tafin hannunsa ya tashi bororo. Dogara ya karɓi abinsa cikin ladabi, ya ce in Sarki ya yarda akwai gurbi a ajin yamma, shi da Malam duka.

Sarki ya ce ya yarda. Ya ɗaga kai ya yi wa Shamuwa godiya, ita kuwa ta riga ta koma sama tana gyaran sheƙa. Sannan ya tattara babbar rigarsa ya zauna a ƙasa gaban buzu, inda ya saba zama yana yaro, yana hura hannunsa.

Ya ce, "Malam, a maimaita mini darasin ranar Laraba. Daga farko."