Taguwar da Ta Ƙi Rufa Asiri

An yi wani mutum a Gure, zamanin mulkin Faransi, lokacin da aka fara ganin mota jefi-jefi a hanyar Damagaram. Yana da raƙuma masu dakon kanwa, yana da ɗa guda, Barmo, mai saurin hannu. Ba zan faɗi sunan mutumin ba, jikokin 'yan uwansa suna nan da rai.

Wata rana a bakin rijiya, can wajen Alakoss, Barmo ya ƙi jiran layin shayarwa. Wani tsohon makiyayi, Fannami, ya ce masa, "Ɗana, ba a zo kanka ba tukuna." Abin da ya ce ke nan fa! Barmo ya ɗaga sanda ya fasa masa ido.

Kwamanda, baturen da ke mulkin yankin, ya aiko gardi, wato ɗan sandansa, mai suna Ma'azu, ya bincika. Doka a fili take: wanda ya yi wa wani rauni kaso zai sha, wato kurkuku, wanda ya toshe bakin ma'aikaci don a ɓoye mai laifi shi ma kaso. Uban ya san wannan sarai. Amma ya ja Ma'azu bayan danga, ya nuna masa taguwarsa mai shayarwa, ya ce, "Taka ce. Ka ce raƙumi ne ya harbi tsohon."

Ku ji rowa, jama'a, har a cikin zunubi! Ya ba da uwa, ya riƙe ɗanta a gida.

Aka kashe magana. Kellu, matar Fannami, ta jawo mijinta har ƙofar mutumin, ta ce, "Alhaji ne kai ko attajiri, ban sani ba. Na dai bar ka da Allah."

Daga ranar nan uban Barmo bai ƙara zama wuri ɗaya ba. Taguwa na kuka a gidan gardi, ɗanta na amsawa daga nasa gidan, gari kaf yana ji. Ya zauna a rumfa, ya tashi. Ya shiga masallaci, kukan ya biyo shi har cikin sujada. A kawo tuwo, ya ture. Wani ya ce, "Ina gajiya?" sai ya zabura. Ya so ya kai wa gardi ɗan taguwar, ya ji tsoron idon mutane. Ya so ya karɓo uwar, ina hali?

Barmo kuwa sai abin ya ƙaru. Yana yawo yana cewa, "Wa zai taɓa ni? Baba yana da raƙuma." Ya 'yan uwa, wane darasi uban nan ya koya wa ɗansa?

Kafin damina ta faɗi, Barmo ya koma rijiyar nan, ya sake ɗaga sanda a kan wani. Wannan karon mutumin bai tashi ba.

Uban ya ruga gidan Ma'azu, yana cewa a ɗauki garken duka. Ranar kasuwa ce. Yana tsaye yana roƙo, taguwa ta ji ƙamshin maigidanta, ta tsinke dabaibayi, ta ratsa tsakiyar kasuwa da igiyar gardi a wuya da tambarin gidan uban Barmo a cinya, ba ta tsaya ba sai gaban ɗanta. Wa ya rage bai gane ba? Kellu ta tafi bariki da ƙafarta ta faɗi komai.

Aka tuɓe wa Ma'azu kaki. Aka jefa uban kaso. Yana cikin fursunoni masu ɗebo ruwa, tulu a ka, ya ga an wuce da Barmo cikin sarƙa za a kai shi Damagaram. Ya kira sunansa, yaron bai waiwayo ba. Bai sake ganinsa ba har ya mutu.

Ya 'yan uwa, da ya bar hukunci ya hau ɗansa tun a kan idon Fannami, da yaron ya sha kaso ya fito, ya yi hankali, ya binne ubansa da hannunsa. Uban ya sayi bakin gardi, ya sayar da ɗansa. Mai ba da rashawa don kare mai laifi ba ƙaunarsa yake yi ba, tura shi yake yi ga laifin da ya fi na farko.

Allah ya kiyaye mu da son da ke halaka 'ya'yanmu, ya tsare hannuwanmu daga bayarwa da karɓa. Amin.