Taurarin Goggo Adisa

Akwai wani saurayi a Bawku, Mikaila, mai sayar da wayoyi. Ranar da ya gano cewa in ka sa kalma tsakanin alamomin tauraro (*) a saƙon waya sai ta fito da kauri, shi ke nan, kai ya kumbura. In ka ce ya koya maka, sai ya ce, "Chale, abokina, wannan ba ajinka ba ne."

Da aurensa da Nadiya 'yar Salaga ya matso, ya ce shi zai tsara katin gayyata da kansa. Ya zagaye sunayen danginsa da taurari bibbiyu, gaba da baya, don su fito ɓaro-ɓaro. Na dangin amarya kuwa ya bar su haka nan.

Ya tura wa Farouk mai buga kati a Yendi. Farouk ya kira shi: "Ango, taurarin nan fa, injina ba ya..."

"Kar ka taɓa ko ɗigo! Buga yadda na turo."

"To, an gama."

Kati ya fito. Kauri babu, sai taurari zube a fili.

Da katin ya isa Salaga, Goggo Adisa, ƙanwar uban Nadiya wadda ita za ta yi wa amarya wanka ta miƙa ta, ta sa tabarau ta duba. "Iye! Alhaji Hussein mai albasa na dangin ango tauraro huɗu kamar babban soja, ni da na goyi yarinyar ko ɗaya? To taurarin su zo su kai amarya!"

Da labari ya kai wa Mikaila, wallahi hankalinsa ya tashi. Ya hau mota har Salaga, ya durƙusa. "Goggo, ba muƙami ba ne. Alama ce kawai da ke sa suna ya fi fitowa."

"Au! Wato da gangan ka so naku ya fi namu fitowa?"



Goggo ta sa aka tattaro katunan unguwa, ta miƙa wa Mikaila biro. Ango guda ya wuni kan tabarma yana zana wa surukai taurari, mata na leƙe suna dariya.

Da ya zo kan sunanta ta ce, "Nawa shida. Kuma ka zana su da kyau, in kana son mata."

Darasi: In ka ƙware a abu, kada ka yi amfani da shi wajen ƙasƙantar da mutane, kuma in an kira ka da gyara, bari a gama magana. Ku tura wa wancan abokin naku mai "na sani".