Ranar Da Takunkumin Wiebe Ya Yi Masa Yawa

Akwai wani mutum a garin Sneek da ke Turai, mai suna Wiebe, sana'arsa ɗanɗanon cuku. Ɗan yanki kawai zai ɗora a harshe ya faɗa maka watanninsa. Gwani ne, ba musu. Amma kafiya? Hmm! Gara ya kwana a rami da ya ce a miƙo masa hannu.

Wani kumburi ya fito masa a wuya. Aka shigar da shi na'urar ɗaukar hoto, likita ta nuna masa tabo a gindin harshensa. Ciwon daji ne, kuma za a yi masa gashi da hasken na'ura sau talatin da biyar.

Aka tausasa takunkumin roba a ruwan zafi, aka shimfiɗa masa a fuska har ya sandare daidai da ita. Da shi ake ɗaure kansa a gado kullum, don kada hasken ya kuskure wurin ciwon.

Likita ta ce, "Ka daure ka ci abinci. In ka rame, takunkumin zai yi maka yawa, aiki ya ɓaci."

A mako na uku ɗanɗano ya ɗauke. Yawu ya ƙafe, maƙogwaro ya zama gyambo.

Yayarsa Aukje, mai shekara saba'in da ɗaya, kullum sai ta hau keke ta kawo masa kunun madara.

"Sha ko cokali biyar, sarkin taurin kai."

"Haba Yaya, wannan ai takarda aka jiƙa. Ni Wiebe, in haɗiyi abin da ban ji ɗanɗanonsa ba?"

"To bari a sa maka robar abinci ta hanci, kamar yadda likita ta ce."

"Kamar ɗan maraƙi? Allah ya kiyaye!"

Tana fita sai ya tuttular da kunun. Ita kuwa baiwar Allah, ta ga kwano wayam ta yi ta murna.

A mako na biyar aka ɗaure masa takunkumin, sai ga kansa yana motsi a ciki. Kilo tara ya zube. Nan take aka dakatar da gashin. Dole a sake hoto, a sake takunkumi, a sake auna inda hasken zai bi. Kwana takwas aka yi ba magani.

Da sakamakon ya fito, likita ta daɗe tana kallon hoton.

"Ciwon nan ba ya jiran kowa, Wiebe. Za mu ci gaba, amma ba zan iya ba ka tabbacin da na ba ka da farko ba."

Wallahi abin tausayi. Ya juya wurin yayarsa, murya da ƙyar take fita.

"Yaya, kunun nan... zubarwa nake yi."

Idanun Aukje suka cika da ƙwalla.

"Duka?"

"Duka. Ki ce su sa robar."

A ranar aka sa ta. Ko an makara ko ba a makara ba, har yau likita ba ta iya faɗa ba.

Darasi: Karɓar taimako ba faɗuwa ba ce. In likita ya ce ka ci, ka ci ko ba daɗi, kuma kada ka ɓoye wa mai jinyarka gaskiya. Ku tura wannan ga duk wanda ke jinya, wataƙila ya zo masa a kan lokaci.