Faifan da Aka Kai wa Mama Odessa

An yi wani mutum a nan Baltimore, zamanin da kiɗan rok-an-rol ya fara haukata yara. Ba zan faɗi sunansa ba, ƙanwarsa na nan da ranta, kuma bakinta ya fi nawa.

Su biyar ne, samarin layi ɗaya, suna tsayawa bakin shagon aski suna haɗa murya, ba ganga ba jita. Lemuel ne mai jan waƙa, muryarsa siririya, tana hawa sama kamar ba za ta dawo ba. Mutuminmu kuwa mai ƙasan murya ne, aikinsa "bum, bum" daga baya. Suka ɗinka fararen kwat, suka kira kansu Balbelu, don a lokacin kowace ƙungiya sunan tsuntsu take ɗauka.

Wani ƙaramin kamfani ya kira su ɗaukar faifai. Makirufo ɗaya ne a ɗakin. Mai ɗauka ya jawo Lemuel gab da shi, ya dubi mutuminmu ya ce, "Kai, mai tsawa, ja baya. Ƙara. Ƙara dai!" Sai da bayansa ya taɓa bango.

Ya 'yan uwa, a jikin bangon nan hassada ta kama shi.

Waƙa ta fita, rediyo ya ɗauka. 'Yan mata suka riƙa bin Lemuel har bakin mota, mutuminmu kuwa sai su miƙa masa jakunkunansu ya riƙe. Ya daina cin abinci sosai. In Lemuel ya yi dariya, sai ya ji kamar da shi ake.

To, uwar Lemuel, Mama Odessa, ita ce shugabar mawaƙan coci, kuma a wurinta wannan kiɗa na Shaiɗan ne. Ba ta kunna rediyo, faifai kuma sunan ƙungiya kawai yake ɗauke da shi. Duk unguwa an san ɗanta ne ke jan waƙar, amma wa zai gaya mata?

Saura mako guda su hau babban dandamalin gari, mutuminmu ya je gidanta ranar Lahadi bayan an tashi coci. Ya ci soyayyar kazarta, ya goge baki, ya ɗora faifan a garmaho.

"Mama, ba don kaina ba, ransa nake jiye wa."

Ba ta bari an kai baiti na biyu ba. "Lemuel! Muryar da na goya wa Ubangiji ce kake kiran 'yan mata da ita? Ɗauko mini Littafi!" Ta sa shi ya dafa ya rantse ya bar kiɗan nan har abada. Yaron yana kuka ya rantse.

Ranar wasa mutuminmu ya tsaya a gaba, inda ya daɗe yana mafarki. Ya manta 'yan matan nan sun haddace faifan har inda Lemuel ke jan numfashi. Da aka zo wurin hawa sama, muryarsa ta tsage. Baya kuma wayam, ba mai riƙe ƙasa. Wata ta miƙe daga bene ta ce, "Kawu, ina ka kai mana Lemuel? Koma baya ka yi bum-bum ɗinka!" Ɗaki ya kwashe da dariya, aka sauke labule a kansu.

Ashe tun ranar ɗaukar faifai, sunan Balbelu da kwat ɗin sun zama na kamfani. Washegari aka karɓe kwat ɗin, aka sa wa waɗansu samari biyar. Abokansa uku suka gano wanda ya kai faifan, har suka mutu ba su sake gaishe shi ba. Lemuel ya yi shekara arba'in yana jan waƙa a coci, mutane na kuka. Mutuminmu ya ƙare yana ɓare ƙaguwa a bakin ruwa, ko a wanka bai ƙara yin waƙa ba.

Me ya rasa, ya 'yan uwa? Allah ya ba shi muryar da huɗu ke tsayawa a kanta, ya raina ta don ba a yi mata ihu. Mafi muni, ya ɗauki hassadarsa ya sa mata rigar tsoron Allah. In ka je kai ƙarar ɗan'uwanka, tambayi zuciyarka: ransa kake so, ko wurinsa? Ke ma da ke layin baya kina hararar mai jan waƙa kowace Lahadi, na gan ki.

Allah ya kiyaye mu da ido a kan rabon wani, ya sa mu gode da inda ya tsayar da mu. Amin.