'Yar Kura a Gidan Renon Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Bushiya ce ta buɗe gidan renon yara, inda ƙanana ke wasa kafin su isa shiga makaranta. Kura ta leƙa, ta ga 'yan awaki ɓul-ɓul suna wasan ɓuya, sai yawunta ya tsinke.

Ta kawo 'yarta, ta ce, "Malama, me kike koya musu?"

Bushiya ta ce, "Wasa. A cikinsa suke koyon haƙuri da bin ƙa'ida."

Kura ta yi dariya a ranta, wai wasa! Ta raɗa wa 'yar, "Ki lura da maɓoyar kowa."

Da aka kwana biyu, Kura ta faɗo gidan da yunwarta. Bushiya ta ƙwala, "A ɓuya!" ta dunƙule. Tsakar gida wayam, sai 'yar Kura.

Kura ta ce, "Ina suke?"

'Yar ta ce, "Na sani, Inna, amma ke ce mai nema. Ba a faɗa wa mai nema."

Kura ta yi sororo, baki buɗe. "Ke! Ni fa na haife ki!"

"Kuma ba ki rufe ido ba. Juya ki fuskanci bango."

"Wayyo, an lalata min yarinya!"

Don tsabar ruɗewa ta juya, ta runtse ido. Da ta buɗe, har 'yar tata ta ɓuya. Kukan nan da kuke ji a bayan gari, Kura ce, har yau nema take.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, wanda ya ɓuya ya fito.