Jan Sa da Ya Ƙi Karkiya

Ku zauna mana! Kaziya, cire yatsa daga baki, farcen ai ya ƙare. Irmiya, bencin nan bai yi maka laifin komai ba, daina girgiza shi. Tun da na shigo nake ganinku kamar an zuba muku cinnaku a riga, na kuma san dalili: hutu ya ƙare, gobe Litinin sai makaranta. Iyaye da kuke tsaye a bakin taga kuna jira a tashi, ku ma ku matso, gama rabin maganar yau taku ce.

Akwai wani mutum manomi, yana da shanun huɗa biyu. Ɗaya fari ne, tsoho, ya daɗe yana jan garma. Ɗayan kuwa ja ne, ɗan matashi, bara ya fara aiki. Ya kuwa yi aiki har maƙwabta suna yaba shi, sai dai can wajen ƙarshen damina ya soma noƙewa, mutumin ya ce gajiya ce kawai. Da aka gama noma, sai ya rataye karkiya a rumfa, wato itacen nan da ake ɗora wa shanu a wuya don su ja garma. Duk rani shanun suna hutawa, ga harawa ga dusa, har jan san ya yi ƙiba, jikinsa yana sheƙi.

Ana nan sai ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta jiƙe. Mutumin ya sauko da karkiya, ya kaɗe mata ƙura, ya nufi turke. Farin sa ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba. Amma jan sa, yana ganin itacen, sai ya firgita. Ya ja da baya, ya yi huci, ya tsinke igiya ya tsallake danga, sai a bakin rafi aka kamo shi.

Mutumin ya ce, "Af, hutu ya lalatar da kai ke nan? Za ka gani."

Kashegari ya zo da bulala. Ya tsula masa, ya ƙara tsula masa, san ya durƙusa a ƙasa ya ƙi tashi. Aka ja wutsiya, aka yi ihu, ko gezau. Rana ta ɗaga, maƙwabta suka wuce da shanunsu suna yi masa sannu da aiki, alhali ko kunya ɗaya bai tayar ba.

Daga nan mutumin ya rasa sukuni. Ya shiga ɗaki ya fito. Ya je gona ya damƙi ƙasa, ya ji danshi yana raguwa, ya dawo. Ya dubi gabas ko akwai hadari, ya dubi san, ya yi tsaki. Matarsa ta ajiye masa tuwo, ya gutsura ya ture. Sa ɗaya ba ya jan garma, kuma in danshin nan ya wuce ba a yi huɗa ba, bana gidan sai ya sha wuya.

Sai ya ce wa matarsa, "Ranar kasuwa zan kai shi wa mahauta. Ba zan ciyar da rago ba."

Ta ce, "Maigida, san da ya noma mana gonar nan bara, yaushe ya zama rago?"

Ya ce, "Ke dai ki bar ni." Ta kuwa bar shi.

Ranar kasuwa ta zo. Ya ɗauko sabuwar igiya, ya je ya ɗaura wa san a wuya don ya ja shi zuwa wurin yanka. Yana zagaya igiyar, sai hannunsa ya taɓa wani wuri a gaban tozo. San ya zabura, fatarsa ta yi ta karkarwa. Mutumin ya tsaya. Ya sake kai hannu a hankali, ya buɗa gashin wurin, sai ga tabo, tsohon miki wanda ya warke daga sama, gashi ya rufe shi. Duk kwanakin nan yana dukan san a baya, bai taɓa duba wuyansa ba.

Ya saki igiya, ya tafi rumfa da sauri, ya juya karkiyar. A gefen da jan sa yake ɗauka, ga kan ƙusa ya leƙo, ya yi tsatsa. Sai ya tuna. Bara ana tsakiyar aiki itacen ya tsage, shi da hannunsa ya buga ƙusar nan cikin gaggawa, ya ce zai gyara daga baya, ya manta. Ashe duk ƙarshen daminar nan san yana jan garma ƙusa tana cin wuyansa, ba shi da bakin faɗa.

Mutumin ya zauna a ƙasa da karkiya a cinya, ya yi kuka. I, babban mutum mai gemu, ya yi kuka, gama saura kaɗan ya kai wa wuƙa dabbar da shi ne ya ji mata ciwo.

Bai je kasuwa ba. Ya zare ƙusar, ya sa gizago ya sassaƙe wurin har ya yi sumul, ya naɗe shi da tsumma. Ya shafa wa san man kaɗanya a wuya. Kuna tsammani nan take san ya karɓi karkiya? Ina! Tsoro ba ya fita da sauri haka. Sai mutumin ya jingina karkiyar kusa da kwanon dusa, san yana ci yana hararar ta, har ya kai ga sansana ta. Da yamma ya kora shanun biyu zuwa gona ba garma ba komai, suka taka hanya suka dawo, farin yana gaba, jan yana biye. Maƙwabta suna cewa, "Kai, lokaci yana wucewa fa!" Shi ma zuciyarsa tana ta azalzalarsa, amma ya daure.

Da gari ya waye, ya ɗora wa farin sa karkiya tukuna. Sa'an nan ya sa tafin hannunsa a kan tabon jan sa, ya bar shi a can, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya ɗora masa itacen a hankali. San ya ƙame yana jiran zafin da ya sani. Zafi bai zo ba. Farin ya ɗaga ƙafa, jan ya ɗaga tasa. Kunyar farko ta fita a karkace, ta biyu ma haka. Kafin rana ta take, sun miƙe.

To, ga ma'anar misalin nan, kowa ya buɗe kunne.

Manomin, ku ne iyaye. Jan sa shi ne yaron nan naku da tun jiya yake cewa cikinsa yana ciwo, ko yarinyar da ta ɓoye takalmin makaranta a ƙarƙashin gado. Karkiya ita ce makaranta, ba kuwa mugun abu ba ce, da ita ake noma abincin gobe. Ƙusa kuwa ita ce abin da ya soki yaron a zangon da ya wuce, wanda ku ba ku gani ba. Wataƙila ya tashi karatu ya yi tuntuɓe, duk aji suka fashe da dariya. Wataƙila akwai wani ƙato a hanya da yake ƙwace masa abinci kullum, ya ce in ya faɗa a gida sai ya karya shi. Hutu ya rufe mikin kamar yadda gashi ya rufe na san, amma yana ganin rigar makaranta sai ya tuna.

Haba iyaye! Abin yana ba ni haushi, ba zan ɓoye muku ba. Yaro yana cikin tsoro, sai a ce masa rago, a ɗauko bulala. Bulala za ta kai ƙafarsa makaranta, amma ƙusar tana nan inda take. Yau da yamma, ku zaunar da shi kusa da ku, ku tambaye shi, "Mene ne ba ka so ka tarar gobe?" In ya yi shiru, ku jira, kada ku amsa masa. In ya faɗa, kada ku yi dariya, ku je ku zare abin, ko da zai kai ku gaban malami. Ku taka hanyar makarantar tare da shi yau, ba jaka ba littafi. Gobe ku haɗa shi da yayansa ko wani babba mai hankali, kamar farin san nan.

Ku kuma yara, ku dube ni. Sa ba shi da baki, shi ya sa har aka ɗaura masa igiyar mahauta. Ku Allah ya ba ku baki. Jin tsoro ba zunubi ba ne, ba kuma abin kunya ba ne. Ku faɗa wa Mama, ku faɗa wa Baba, ku faɗa wa Ubangiji cikin addu'a, gama shi ya san inda tabonku yake tun ba ku nuna ba, gobe kuma yana tafiya kusa da ku har ƙofar aji. In ranar farko ta fita a karkace, ba komai, kunyar farko ta jan sa ma haka ta fita.

Kaziya, na ga kin daina cin farce kina duban taga. Babanki yana can tsaye, ya ji duk abin da kika ji. In mun ce amin, kada ki ruga wasa. Ki je ki kama hannunsa, ki nuna masa inda naki tabon yake.

Mu sunkuyar da kai.